Gwangwanin Filin Lilo

Masu karatu, ku yi haƙuri idan labarin yau ya zo muku a hargitse, don ni ma a hargitse nake. A bakin gado nake zaune ina rubuta shi, ƙafata ɗaya da takalmi ɗaya babu, ga wani tsohon usur a kan cinyata, kuma har yanzu ban san ko murna ya kamata in yi ko kuka ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. A shagon tabarau nake aiki, ni ke gwada wa mutane gilashi in ce ya yi musu kyau ko da bai yi ba. Babanmu ya rasu tun ina sakandare. Akwai kuma wani bawan Allah da ya shekara yana zuwa wurina, ma'aikacin awon filaye, wanda a gida ake ce wa Mai Taswira. Yaya ce ta raɗa masa, don ranar da zai fara zuwa, maimakon ya nemi kwatance kamar kowa, cewa ya yi in tura masa ɗigon gidanmu a taswirar waya.

Mutumin kirki ne, wallahi, kuma ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Amma bakinsa nauyi gare shi. Zai zo ya zauna a falo, ya yi mini bayanin yadda ake gane arewa da inuwar falwaya, ya sha ruwa, ya gaishe da Umma har ƙasa, ya tafi. Maganar da kowa ke jira kuwa, shiru.

Ranar Lahadi Baffa ya zo, ƙanin Babanmu, tare da Gwaggo. Ina shigowa da tire na ga ya cire hula ya ɗora a gwiwa, na san da magana.

"Auta, ba korarki ake yi ba," in ji shi. "Amma mutum ya shekara yana ɗumama mana kujera. Asabar zan dawo. In da magana, in ji ta daga bakinsa. In babu, a sallame shi da mutunci."

Gwaggo ta gyara mayafi ta rage murya, alhali duk muna ji. "Ni abin da ya fi damuna, an ce an gan shi a gindin wata bishiya yana tusa abu a rami. Namiji da gemunsa yana binne-binne? Ku dai bincika, kada a wayi gari yarinya ba ta jin maganar kowa."

"Gwaggo, wasa ne fa," na ce.

"Wane irin wasa?"

Dole na yi bayani, fuskata tana zafi. Shi da wasu abokansa suna da wani wasa a waya. Mutum zai sami ɗan gwangwani ya zuba tarkace a ciki, maɓalli ne, ɗan ƙaramin kwaɗo ne, ya ɓoye shi a wani wuri mai tarihi, sannan ya rubuta tambayoyi a manhajarsu. Wanda ya warware tambayoyin ya gane wurin, sai ya je ya nemo. Doka ɗaya ce ba a karyawa: in ka ɗauki abu a gwangwani, dole ka bar wani a madadinsa, wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi.

Gwaggo ta ce ita dai ba ta ga bambancinsa da abin da take tsoro ba. Baffa ya yi dariya har da tari. Umma kuwa ba ta yi ba. Tana ninke sallaya ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Na zauna da mai wasa, na san yadda yake ƙarewa. Ba zan ɗauki 'yata in miƙa wa wani ba."

Kowa a falon ya san da wa take.

Babanmu a Filin Lilo ya yi aiki duk rayuwarsa. Wurin wasan yara ne, da dawakan katako masu zagaye, da ɗan jirgin ƙasa, da wani ƙaton lilo mai kama da tayar keke wanda in ka kai ƙololuwarsa kana hango rufin gidaje. Baba ne mai juya shi. Yana da usur na ƙarfe a wuya, in ya busa sau ɗaya lilo ya tashi, in ya busa sau biyu ya tsaya. An sha yi masa tayin wani aikin, ya ce shi ba zai iya wuni bai ji ihun yara ba. Da aka rufe wurin, kullum da safe sai ya sa kayan aikinsa ya je ya zauna a bakin ƙofa, har ciwo ya kwantar da shi. Tun daga nan Umma ba ta ƙara bin titin ba, ko a tasi take sai ta ce a zagaya. Usur ɗin kuma ta naɗe shi a hankici ta kulle a durowarta, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ko mu 'ya'yansa ba ma taɓawa.

To kun ga inda na tsaya. Baffa yana son magana, mai maganar ba ya magana, Umma kuma ko ya yi ba ta so.

Washegari ina shago, ina goge wa wata tsohuwa gilashinta, na tura masa saƙo da hannu ɗaya: "Baffa ya ce Asabar yana son jin matsayinka."

Ya karanta. Ɗigo uku suka fara rawa, suka tsaya, suka sake. Can sai ga amsa: "Na haɗa sabon wasa a Filin Lilo. An ce wata mai zuwa za a rushe sauran ginin. Ina so ki yi shi."

Na karanta har sau ba adadi. Ni ina maganar aure, shi yana maganar gwangwani. Tsohuwar ta ce, "'Yata, gilashin zai huje."

Na rubuta: "Amsar ke nan?"

"Tambaya ta ƙarshe ke kaɗai zan tura wa. Ba ta cikin manhaja."

Na koma bayan kantar shago na kira Yaya na karanta mata. Yaya tana da aure da 'ya'ya biyu, kuma ba ta taɓa ganin abin da ya fi ƙarfin dariyarta ba. Ta ce, "Ke dai kin haɗu da aiki. Wasu ana kawo musu turare, ke an ba ki jarrabawa. Ki jira ni gobe in kin tashi, ina so in ga ƙarshen haukan nan."

Washegari na sa doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, kuskuren da na yi ke nan na farko. Filin Lilo yanzu rabinsa wurin ajiye manyan motoci ne, rabinsa ciyawa har gwiwa. An kwashe babban lilon tuni, sai kututturen siminti huɗu da ya tsaya a kai. Mai gadin wurin ya saba da 'yan wasan, hannu kawai ya ɗaga mana.

Tambayoyin farko ba su ba ni wuya ba. Inda yara ke miƙa wuya a auna tsayinsu: ginshiƙin ƙofa ne, har yanzu da jan layin a jikinsa. Inda jirgi ke shiga duhu: wani guntun bututun siminti da muke kurma ihu a cikinsa. A kowane wuri akwai ɗan gwangwani. A na ƙofa na ɗauki wani maɓalli na bar fil ɗin mayafina, Yaya tana ta tsiya wai an cuce ni a cinikin. Na tsaya a gaban jan layin nan, da can sai na yi ɗage nake kai shi, yanzu a ƙirjina yake. Ban san lokacin da idona ya cika ba.

Sai waya ta yi ƙara. Tambaya ta ƙarshe: "Inda mai usur yake cin abincin rana."

Na ce wa Yaya wannan ai kyauta ce. Ɗakin tikiti mana. Nan ake zaunar da mu kullum da rana a kan benci, mai sayar da tikiti tana ba mu guntayen takarda muna wasa. Muka shiga ɗakin, babu rufi, babu ƙofa. Na ɗaga bulo, na leƙa tagar da ake miƙo tikiti, na tura hannu a ramukan da ko da kuɗi ba zan tura ba. Mayafina ya koma kalar ƙasa. Babu komai.

"Ba na gani," na rubuta masa.

"Kina ina?"

"Ɗakin tikiti."

"Ba nan ba ne."

"Ubana ne fa. Ni za ka gaya wa?"

"Wani tsohon abokin aikinsa ne ya nuna mini wurin. Ki tambaya a gida."

A gida wa zan tambaya? Yaya ta ce ita ma ɗakin tikiti ta sani. Saura mutum ɗaya, kuma ita ce ba a ambaton Filin Lilo a gabanta.

Na kwana ina juya abin. Da safe na sami Umma tana guga a tsakar gida, na yi ta kewaye-kewaye, na ɗauki tsintsiya na ajiye, har ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ki."

"Umma, a ina Baba yake cin abincin rana a wurin aiki?"

Dutsen gugar ya tsaya a kan rigar har na fara jin ƙauri. Ta ɗaga shi.

"Wa ke tambaya?"

Ƙarya ba ta zo mini ba, na miƙa mata wayar. Ta ɗauko gilashin da na yanka mata a shagonmu, ta sa, ta karanta saƙon, ta koma sama ta karanta na gabansa, har wanda ya ce za a rushe ginin. Ta daɗe a kan wannan. Sannan ta miƙo mini.

"Ban sani ba. Ki tafi aiki, kin makara."

Ranar Alhamis na dawo daga shago na tarar ba ta nan, abin da ba ta saba ba. Sai dab da magariba ta shigo, ta ce dubiya ta je. Tana zama na ga bakin rigarta cike da ƙarangiya, takalminta kuma ya yi futu-futu. Na durƙusa ina cire mata ina cewa, "Umma, asibitin nan a jeji yake?" Ta ce in bar surutu in kawo mata ruwa. Ku kun riga kun gane, na sani. Ni kuwa kaina yana kan Asabar, ko a jikina.

Yau Juma'a, da hantsi, Yaya ta kira ni ina tsakiyar yi wa wani mutum gwaji.

"Auta, tsaya. Kin taɓa ganin Baba yana cin abinci a ɗakin tikiti?"

Na buɗe baki zan ce eh, sai na rasa hoton. Ina ganin bencin, ina ganin mai tikiti, ina ganin Umma da kular abinci a hannu tana cewa mu zauna kada mu motsa. Baba ba ya ciki.

"Ajiye mu take yi ta wuce," in ji Yaya. "Ni da ke muka ci abinci a ɗakin tikiti. Su biyu wani wuri suke zuwa. Na taɓa bin ta a baya ta koro ni, wajen tankin ruwa ta nufa."

Na roƙi mai shago ya sake ni da wuri. Muna isa mai gadi ya ce, "Ku ma tankin ne? Kwana biyun nan ya yi farin jini." Ban tsaya tambayarsa me yake nufi ba.

Tankin yana can ƙarshen filin, a kan ƙafafun ƙarfe da suka yi tsatsa. A bayansa akwai wata bishiya, da wani faffaɗan dutse wanda mutum biyu za su zauna a kai in sun matsu. Daga nan ba a ganin kowa, amma ana ganin daidai inda lilon yake. Duk yarintata a filin nan na yi, ban taɓa sanin da wurin ba. Na tsaya ina kallon dutsen, na kasa haɗa Umman da na sani, mai guga da ɗaure fuska, da wata mace da take ɓuya a bayan tanki ta ci abinci da mijinta.

Gwangwanin yana ƙarƙashin dutsen, sabo fil. Na ɗauko shi na tsaya ina jujjuyawa. Yaya ta ce, "Buɗe mana, ko sai na kira mai gadi ya taya ki?"

Na buɗe. Hankici ne a naɗe. Na warware shi.

Usur ne na ƙarfe, bakinsa da shatin haƙora, da koriyar igiyar da ni na kitsa ta da hannuna ina 'yar firamare.

Yaya ta daina dariya. Ni kuma kaina ya ɗaure tamau. Abin da na fara tunani shi ne, yaya aka yi ya shiga ɗakin Umma? Na biyu, ko dai maganar Gwaggo gaskiya ce? Na danna kiransa, ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara.

"Kin samu?" in ji shi.

"Ina ka samo usur ɗin Baba?"

"Wane usur?"

"Wanda ka sa a gwangwani."

"Ban sa usur ba. Ki duba da kyau. Babu wani ɗan ƙyalle shuɗi a ɗaure?"

Na kife gwangwanin na girgiza. "Babu. Me ke ciki?"

Na ji numfashinsa. "Zoben mahaifiyata ne. Na azurfa. Shi kaɗai ta bari a hannuna."

"Ka ɗauki zoben mahaifiyarka ka sa a ƙarƙashin dutse?"

"Babu wanda ya san wurin. Ke kaɗai na tura wa."

"To me ya hana ka miƙo mini a falo kamar mutane?"

"Na gwada," in ji shi a hankali. "Sau da yawa yana aljihuna."

Haushi da tausayi suka haɗe mini. Yana ta lissafin ko wani daga cikin abokansa ne ya bi sawunsa, ko mai gadi, ko yara. Ni kuma idona yana kan bakin rigata, inda ƙarangiya ta yi layi, irin wadda na cire jiya da hannuna. Na ɗago na kalli Yaya, ita ma rigar take kallo. Na ce masa zan kira shi, na kashe.

Umma tana falo muka shiga, tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba. Makullin durowa yana kan tebur a fili, abin da ban taɓa gani ba. A ɗan yatsanta na ƙarshe kuwa akwai wani siririn zoben azurfa da ya sha hannu har zanensa ya shafe.

Na durƙusa a gabanta da usur a tafin hannu.

"Umma, ke ce kika je?"

"Za a rushe, aka ce." Ta fitar da wani ɗan tsakuwa ta ajiye a gefe. "Na je in ga dutsen ne. Sai na ga an tusa abu a ƙarƙashinsa."

"Zoben mahaifiyarsa ne."

"Na sani. Na kanti ba ya yin haka." Ta juya shi a yatsa. "Yaron nan ba shi da hankali. Irin wannan ake bari a jeji? Da wani ne ya riga ni fa? Halinsu ɗaya da ubanku, abin da ya fi so shi yake wasa da shi."

Yaya ta zauna a hannun kujera. "To Umma, usur ɗin fa? Jiya ba ki fita da shi ba sai da kika san..."

"Sau biyu na je," ta katse ta. "Na farko na gani na mayar. Na dawo gida na ɗauko, na koma."

Na rasa inda zan sa wannan maganar. Matar da ba ta bin titin ko a mota, ta je sau biyu a wuni ɗaya. Na ce, "Umma, ni ban gane ba. Yarda kika yi, ko ƙwacewa kika yi?"

Sai a lokacin ta kalle ni ta saman gilashi. Idonta ya yi ja.

"Ba ke kika ce ba a ɗauka sai an bar abin da ya kai shi daraja ba? Na duba ɗakina kaf. Shi kaɗai na samu."

Yaya ta juya fuska bango. Ni kuwa kukan da nake riƙewa tun bayan tanki ya ƙwace. Umma ta bar ni na yi, ta ci gaba da tsintarta, sannan ta ce, "Ki gaya masa abinsa yana hannuna. Ba zan ba ki ba, ba zan mayar rami ba. In yana so, ya zo ya karɓa da bakinsa. In kuma bakin ba zai buɗu ba, gobe Baffanki ya mayar masa, shi ke nan."

Na shigo ɗaki na tura masa maganarta yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya karanta. Ɗigo ukun nan suka fara rawa, suka tsaya. Suka sake, suka tsaya. Daga nan shiru. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na ce a raina shi ke nan, an tsorata shi, mutumin da ya shekara bai iya faɗa mini ni kaɗai ba, ina zai iya a gaban Umma? Na zauna na fara cire takalmi, na cire ɗaya, sai na ji sallama a ƙofar gida, da ƙarfi, har muryar tana fashewa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

Yaya ta leƙo ta ce, "Da kayan aiki ya zo, har da hular kwano a hannu. Ko gobe bai jira ba. Kada ki fito."

Shi ya sa na ɗauki waya nake rubuta muku, don in ban yi wani abu da hannuna ba zan haukace. Daga nan ina jin muryarsa a falo amma ba na jin kalmomin. Yana magana, yana tsayawa, yana ci gaba. Tunda na san shi bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Umma kuwa ko tari ba ta yi ba, kuma shirun Umma ba a gane gabansa.

Yanzu ya yi shiru. Faranti ya taɓa tebur.

"Auta," in ji Umma, da wata murya da ban san ta da ita ba. "Fito. Ki taho da usur ɗin."